Rabon Auta

Mai Firji bai iya zama wuri ɗaya ba. Ko a shagonsa na gyaran firji, in yana jiran inji ya ɗauki sanyi, sai ka gan shi ya zagaya bayan kanta, ya dawo, ya ƙara ɗaure wani noti da bai kwance ba, ya leƙa titi, ya sake dawowa. Maƙwabcinsa mai aski yakan ce da za a haɗa masa waya a ƙafa, da duk layin ya daina kukan wuta.

Amma a 'yan kwanakin nan kai-komon nasa da dalili. Matarsa, wadda kowa ke kira Auta saboda ita ce ƙarama a gidansu, tana da ƙaramin ciki, cikin kuwa ya hana ta cin komai. Shayi ya dawo, burodi ya dawo, farar shinkafa ta dawo. Ruwa ma sai ta kurɓa kaɗan-kaɗan kamar magani. Da safe da ya kai ta asibitin unguwa, nas ta ja fatar bayan hannunta ta saki, ta leƙa idonta, sannan ta juyo gare shi.

"Maigida, in har gobe da safe ba abin da ya zauna mata, kwantar da ita za mu yi, mu ƙara mata ruwa."

Auta ta tashi suka fito. A bakin ƙofa ta kama hannun rigarsa ta ce, "Ni dai kada ka bari su mai da ni ɗakin nan."

Ya san ɗakin. Dogo ne, mai koren labule, a ƙarshen baranda. A nan suka rasa cikin farko bara.

Da suka koma gida ya kwantar da ita, ya jawo bokiti kusa da gado, ya kunna fanka. Sai ya tsaya a kanta yana lissafo abinci ɗaya bayan ɗaya, ita kuwa tana girgiza kai, ido a rufe. Can da ya rasa abin faɗa, ta ce a hankali, "Alewar Kaka."

Bai tsaya jin ƙarshen maganar ba. Ya sauka daga bene da gudu, ya dawo da leda cike da alewa kala-kala daga kantin ƙasa, ya zazzage mata a kan bargo. Ta ɓare ɗaya, ta kai hanci, ta kau da kai da sauri.

"Ba ta takarda ba. Wadda Kaka ke yi mana a gida, da tsala da man shanu."

Kaka ta daɗe da rasuwa. A duk 'yan'uwan Auta, babbar yayarsu ce kaɗai ta tsaya a gefenta ta koya. Ita tela ce a can ɗaya ɓangaren gari, mace mai kaifin baki da taushin zuciya, kuma Mai Firji yana ɗan shakkarta tun ranar da ya fara zuwa gidansu. Ya kira ta. Ana jin ƙarar keken ɗinki a bayan muryarta.

"Yaya, barka da aiki. Alewar Kaka take so."

"Ta ce tana so? Alhamdu lillahi! To, ina da kayan mutane a hannu, sai bayan azahar zan iso. Ka je ka sayo tsala, nonon da aka kaɗa aka kwashe mansa, ba madarar gwangwani ba, ka ji ko? Da man shanu, da sukari, da sodar girki. Ka ajiye ka jira ni."

"Yaya, faɗa min yadda ake yi, ko zan ɗan fara."

"Kai? Kai da ko shayi ba ka bari ya tafasa?"

Ya nace, ta gaji ta faɗa masa a gurguje: sukari ninki biyu na tsala, soda kan ƙaramin cokali, a dafa ana juyawa har ta yi ja, a sauke, a sa mai, a bari ta huce, a buga. Ta ƙara da cewa, "Amma wallahi ka jira ni."

Bai jira ba. Ya sayo kayan a shagon masu nono da ke bayan tashar mota, ya leƙa ya tarar Auta ta samu barci, ya rufe ƙofar kicin, ya buɗe taga. Ya ɗauko tukunyar da ta fi kusa da hannunsa, wata 'yar siririya ta dalma da suke dafa ƙwai a ciki. Ya zuba tsala da sukari, ya barbaɗa soda, ya murɗa gas har ƙarshe, don a ganinsa wuta mai yawa ita ce aiki da wuri.

Da farko abin ya yi lamo. Sai kumfa ta fara tasowa, fara sol, tana hawa kamar an hura ta. Kafin ya ce me, ta cika tukunyar, ta tumbatso, ta gangaro kan murhu tana cuwwa. Ya rage wuta, ya goge, ya ƙara wuta. Ya bar juyawa ya tafi neman tsumma, ya dawo ya tarar ta yi duhu, wani ƙauri-ƙauri yana tashi daga ƙasa. Ya sauke da sauri, ya jefa man shanu.

Saura ta huce. Ya tsaya, ya taɓa gefen tukunyar, ya ƙone yatsa. Ya fifita da murfi. Ya sake taɓawa. Sai ya dubi kusurwa, inda wata tsohuwar firiza da ya gyara da hannunsa take gurnani, wadda yake taƙama da ita cewa tana daskarar da ruwa kafin ka gama alwala. Ya ce a ransa, mutanen da suna jira ne don ba su da wannan. Ya buɗe, ya tura tukunyar tsakanin ledojin ƙanƙara, ya rufe.

Da ya fito da ita, cokali ya ƙi shiga. Saman ya zama kamar yashi jiƙaƙƙe da ya bushe, ƙasan ya manne ƙam, baƙi-baƙi. Ya ji ana buga ƙofar falo. Ya mai da tukunyar cikin firiza ya danne murfin.

Yaya ta shigo da jaka a kafaɗa, ta wuce wajen ƙanwarta, ta daɗe tana shafa mata kai. Da ta fito ta shiga kicin, ta tsaya, ta ja numfashi ta hanci, ta dubi murhun da ke ta danƙo.

"Mijin Auta."

"Na'am, Yaya."

"Ina gawar?"

Ya sunkuyar da kai, ya nuna firiza. Ta buɗe, ta ɗauko tukunyar, ta ƙwanƙwasa da farce, ta ji ta ce ƙwas. Ta yi dariya har sai da ta dafa bango, tana toshe baki don kada ta tada mara lafiya.

"A firiza! Allah ya jiƙan Kaka, da ta ga wannan da ta bi ka da cokali har titi. Kai komai na duniya a wajenka sanyi ne maganinsa?"

Ta ture tukunyar gefe, ta buɗe jakarta ta fito da tata: babba, mai kaurin gindi, da dogon cokalin katako. Ta jawo kujera ta zauna a bakin ƙofa. Kafaɗarta ta dama ta daɗe tana damunta saboda keke, don haka ta ce ita baki za ta sa, shi hannu.

"Ka ga girman tukunyar? Soda in ta haɗu da tsami sai ta tashi, dole ka ba ta wuri. Wuta kuma kaɗan. Kaɗan na ce, Mijin Auta, ba walda kake yi ba."

Ya juya, ya juya. Kumfa ta hau har rabin tukunya, ta tsaya, ta fara komawa. Farin ya koma ruwan ƙasa mai haske, sannan ya yi ja kamar shayin da aka sa wa madara kaɗan. Ƙafarsa ta fara rawa. Ya dubi taga.

"Idonka a tukunya. Cokali ya riƙa shafar gindi, kada ta kama."

Can ta sa ya ɗebo ruwan sanyi a kofi. "Nan ne kaɗai firizarka ke da amfani." Ya ɗiga alewar kaɗan a ciki, ta sa yatsa ta laluba, abin ya narke. Ta ce da saura. Ya ci gaba, aka sake ɗigawa. A karo na gaba ta tattaro shi tsakanin yatsu biyu, ya dunƙule da laushi, ta ɗora masa a tafin hannu, ya baje a hankali.

"Sauke. Sa mai a kai. Kada ka juya."

"Kada in juya?"

"Kada ka juya, kada ka girgiza, kada ka fifita, kada ka kalle ta da ƙarfi. In ka taɓa ta da zafi, yashi za ta zama. Sai ka iya ɗora tafinka a gindin tukunyar ba ka cire ba."

Man shanun ya narke ya kwanta a sama, rawaya. Mai Firji ya sa hannayensa a aljihu. Ya fitar. Ya goge murhu. Ya je ya leƙa Auta, ya dawo. Ya miƙa hannu zai taɓa.

"Zauna a kan hannunka," in ji Yaya.

Ya zauna a kan buhun shinkafa, hannayensa a ƙarƙashin cinya kamar ɗan makarantar da aka hukunta. Yaya ta dube shi, fuskarta ta ɗan sauko.

"Za ta ci, in sha Allahu. Ni ma da cikin babban ɗana haka na yi, har sai da ƙasusuwan wuyana suka fito."

"Tsoron ɗakin nan take, Yaya."

"Na sani."

Da tukunyar ta huce ta ce ya buga. Nan ne ƙarfinsa ya yi rana. Ya kama cokalin da hannu biyu, ya buga har gumi ya jiƙa masa riga. Alewar tana sheƙi kamar sabon fenti, tana nauyi, tana nauyi, sai kawai sheƙin ya mutu.

"Yanzu! Juye, juye!"

Ya juye a tiren da ta shafa wa mai, ya baje da bayan cokali. Tukunyar Yaya ta fito tas, ko ɗigo bai kama ba. Da alewar ta tsaya, Yaya ta yanka ta murabba'i-murabba'i, ta ɗauki na gefe ta sa a baki. Ta lumshe ido.

"Ita ce," ta ce. "Wallahi kamar Kaka ce ta tashi ta yi."

Ya jera yanka uku a ƙaramin faranti, ya kai ɗaki yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Auta ta tashi zaune, ta jingina da filo. Ta ɗauki ɗaya, ta gutsura kaɗan, ta juya a baki. Su biyun suna tsaye suna kallon maƙogwaronta.

Ta ajiye sauran. Ta jawo bokiti ta tofar.

"Ta yi daɗi," ta ce, hawaye na taruwa a idonta. "Amma ba ita ba ce."

"Ke Auta!" in ji Yaya. "Ni da na tsaya a gefen Kaka shekara da shekaru? Me ya rage a ciki?"

"Ban sani ba, Yaya. Wannan ta cika laushi, zaƙinta ya yi yawa, yana tayar min da zuciya. Ku yi haƙuri, na wahalar da ku."

Ta koma ta kwanta, ta juya fuska ga bango. Mai Firji ya ɗauki farantin ya fita. A falo idonsa ya faɗa kan jakar da suka je asibiti da ita bara, tana nan a saman kabad, ta yi ƙura. Gobe sai an sauko da ita ke nan.

Ya shiga kicin don ya samu abin da zai yi da hannunsa. Ya wanke tukunyar Yaya, ya wanke kofi, ya wanke cokali. Saura tasa, mai abin kunya. Ya kankare yashin saman ya zubar, amma na gindin ya ƙi ko motsi. Sai ya ɗora ta a wuta kaɗan don ƙanzon ya saki kafin ya zuba ruwa. Wannan karon ya manta bai rufe ƙofa ba.

Ƙaurin ya tashi, na sukarin da ya kama, da man da ya soyu, da ɗan tsami-tsami a ƙarƙashi. Ya cika kofi da ruwa, ya ɗaga zai zuba.

"Maigida!"

Muryar Auta ce, da ƙarfin da ya kwana biyu bai ji ba. Ya tuna warin albasa ma amai yake sa ta, balle ƙauri. Ya ajiye kofin, ya hau fifita hayaƙin da murfi.

"Yi haƙuri, yanzu zan zuba ruwa in fitar da ita!"

"Kada ka zuba! Kawo nan!"

"Tukunyar ce fa da na ƙona."

"Na ce ka kawo. Da ƙaramin cokali."

Ya naɗe hannun tukunyar da tsumma ya kai mata, yana kallon Yaya, Yaya tana kallonsa. Auta ta shimfiɗa tawul a cinya, ta ɗora tukunyar, ta karkata ta wajen hasken taga. Ta sa cokali a inda gindi ya haɗu da gefe, ta kankara. Wani ɓawo ja mai duhu ya naɗo, yana ja kamar danƙo. Ta hura, ta sa a baki.

Ta rufe ido. Ta haɗiye. Ta sake kankara.

"Wannan ce," ta ce da cikakken baki. "Wannan ɗan ɗacin. Wannan ce alewar Kaka."

Yaya ta buɗe baki za ta yi musu, sai ta tsaya. Ta zauna a bakin gado a hankali, ta dafe goshi.

"La'ilaha illallahu. Tukunya!"

"Wace tukunya, Yaya?" in ji Mai Firji.

"Wannan yarinyar, tana ƙarama, ba a isa a ajiye tire ba sai ta tsoma yatsa. Ta taɓa ƙonewa har ta yi bororo. Shi ne Kaka ta samo dabara: da zarar ta juye alewa, sai ta miƙa mata tukunyar da ƙaramin cokali, ta ce je ki ƙarƙashin tebur, wannan rabonki ne. Tukunyar Kaka kuwa siririya ce irin wannan, kullum sai ta ɗan kama. Kafin alewa ta tsaya a yanka, ita ta ƙoshi ta yi barci a wurin, fuska duk danƙo." Ta juya ga ƙanwarta. "Ke ashe ba ki taɓa cin yanka ba?"

Auta ta tsaya da cokali a hannu, tana tunani. "Na ɗauka yankan na baƙi ne."

"Na baƙi? Mu muke cinye shi, muna yi miki dariya wai an bar ki da wanke-wanke!"

"Ni kuma ina jin tausayinku, an hana ku mai daɗin."

Yaya ta fashe da dariya, tana share ido da gefen mayafi. Mai Firji bai yi dariya ba tukuna. Shi bokitin yake kallo.

Auta ta ci cokali biyar ko shida, ta ce ya isa, ta jingina. Ɗakin ya yi shiru, sai ƙarar fanka. Ya zauna a ƙasa, ya jingina da ƙafar gado. Duk lokacin da ta motsa, sai ya miƙa hannu wajen bokiti, ita kuwa gyara filo kawai take yi. Hasken taga ya bar bargo, ya hau bango. A ƙasa mai kanti ya sauke rumfarsa, yara suka wuce suna buga ƙwallo. Mai Firji bai tashi ba. Bai leƙa taga ba, ƙafarsa ba ta yi rawa ba.

Can Auta ta ce, "Ba ni ruwa."

Ta sha rabin kofi, a hankali. Aka jira. Ruwan ya zauna.

"Akwai sauran burodin nan? Ɓawon bayan kawai nake so."

Sai a lokacin ya saki wata doguwar ajiyar zuciya, ya kifa fuska a gefen katifa. Auta ta ɗora hannu a kansa, yatsunta na manne masa a gashi.

"Ikon Allah," in ji Yaya. "Yau na ga Mijin Auta a zaune. Bari in tafi kafin a ce mafarki nake." Ta tattara kayanta, ta juye yankan alewar gaba ɗaya a leda. "Wannan na baƙi ne, ni ce baƙuwar. Kai kuma sai ka tuna yadda ka yi ka ƙona waccan, don gobe ma za ta nema."

"Yaya, ai ban san yadda na yi ba."

"Yi yadda ka saba. Ka cika wuta, ka tafi neman tsumma."

Washegari nas ta sake jan fatar hannun Auta, ta saki, ta duba idonta. Ta tambayi abin da ta ci, aka lissafa mata: ɓawon burodi, shayi rabin kofi, ruwa, da 'yar shinkafa da safe.

"Ba laifi. Ku je gida, a ci gaba da ruwa kaɗan-kaɗan, ku dawo in sake ganinta. In aman ya dawo, kada ku jira." Ta ɗago kai. "Da me ta fara?"

Mai Firji ya sosa ƙeya. "Gindin tukunya."

Nas ta dube shi ta saman tabarau, ta ga ba wasa yake ba, ta kira mai bi musu.

Suka fito ta baranda. Koren labulen yana can ƙarshe, iska na kaɗa shi. Auta ba ta waiwaya ba. A bakin titi ta ce su biya ta bayan tasha su sayi tsala, kuma in sun isa gida kada ya kuskura ya taɓa 'yar tukunyar nan da soso, akwai saura a gefen hannun.